Wuraren tarihi a Jos: amsoshin tambayoyin da baƙi suka fi yi mini

A Jos aka haife ni, a nan kuma nake zaune da iyalina. Duk hutun Sallah da na ƙarshen shekara gidanmu ba ya rabuwa da baƙi daga Kano, Zariya, Bauchi da Abuja, kuma da an ci an sha an huta gajiya, sai wani ya ce, "To Malam, ina za ka kai mu?" Yawancinsu gidan zu suka sani, sai sanyi, sai dankalin Turawa. Shi ya sa na tattara tambayoyin da ake maimaita mini, na amsa su a wuri ɗaya.

Kwana ɗaya kacal gare ni. Daga ina zan fara?

Daga gidan tarihi na ƙasa, wanda ke tsakiyar gari, kusa da titin Ahmadu Bello. Idan ka ce wa mai Keke "gidan tarihi" ya tsaya yana kallonka, ce masa "gidan zu", domin maƙwabtan juna ne. Abin da ke ba ni takaici shi ne mutane kan cika gidan zu maƙil ranar Sallah, su kalli biri da jimina, su juya gida, alhali taku kaɗan ya rage su ga abin da ake tasowa daga Turai domin a gani.

An buɗe gidan a 1952. Wani Bature mai suna Bernard Fagg, wanda ya zo ƙasar nan a matsayin jami'in mulki amma ya karanci ilimin tono kayan tarihi, shi ne ya tsaya kai da fata har aka gina shi. Na Esie da ke Jihar Kwara ya riga shi, tun 1945, amma na Jos ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Ka ware masa aƙalla awa uku, domin ba gini ɗaya ba ne, unguwa ce guda: akwai babban zaure, akwai rumfar tukwane, akwai sashen sufuri da na haƙar kuza, sannan ga filin gine-ginen gargajiya a baya.

Me ake nufi da kayan Nok da kowa ke magana a kai?

Sassaƙe-sassaƙe ne na gasasshen yumɓu, kawunan mutane da na dabbobi. Nok sunan wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Jaba, kudancin Jihar Kaduna, inda masu haƙar kuza suka fara cin karo da irinsu a 1928. A lokacin ba wanda ya san darajarsu. Sai a 1943 aka kawo wa Fagg wani kai da aka tono a yankin Jama'a, wanda mai shi ya kafa a gonar doya ya yi ta korar tsuntsaye da shi, kamar kowane mutum-mutumin gona. Da Fagg ya haɗa shi da na farko, sai ya ga hannu ɗaya ne, al'umma ɗaya ce ta yi su. Binciken da masanan jami'ar Frankfurt ta Jamus suka soma tare da 'yan Najeriya a 2005 ya nuna cewa mutanen Nok sun fara zama a yankin tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, sassaƙar kuma ta bayyana wajen shekara 900 kafin haihuwarsa. A Taruga kuma an gano matoyar da suke narka tama su fitar da ƙarfe.

Shawarata ita ce kada ka wuce su da sauri. Zaɓi kai ɗaya ka tsaya a gabansa. Dubi idon: kusurwa uku gare shi, an huda ƙwayar, haka ma hanci da baki da kunne. Ciki fayau yake kamar tulu, domin da irin hannun da ake gina tukunya aka gina shi, hujojin nan kuwa suna taimaka wa iska ta fita lokacin gashi, kada ya tsage. Sannan ka dubi kitson. Wata gwaggona da na kai, mai kitso ce a Gangare shekara da shekaru, ta daɗe tana leƙen wani kai ta bayan gilashi, can ta ce da ni, "Kai ɗan nan, wadda ta yi wannan kitson ta san tsaga." Tun daga ranar na daina kallonsu a matsayin kayan Turawa. Mutane ne da suka noma gero a ƙasar nan, suka yi ado da duwatsun wuya, kafin a san za a yi Kano ko Katsina.

A rumfar tukwane kuwa akwai randuna da tuluna da kaskwaye daga sassan Najeriya daban-daban, waɗanda wata Baturiya, Sylvia Leith-Ross, ta sha wahalar tattarawa. Gidan yana kuma ajiye da tsofaffin rubuce-rubucen hannu na Larabci, waɗanda ɗalibai masu bincike kan nemi izini su duba.

Malam, waɗannan ba gumaka ba ne? Ya dace Musulmi ya shiga?

Ana yi mini wannan tambaya sosai, kuma ba na raina mai yin ta. Abin da zan iya cewa shi ne ba wanda ke bauta a wurin, ba a yanka, ba a roƙo. Ajiye su aka yi domin a san waɗanda suka gabata da yadda suka rayu. Ni da wannan niyya nake shiga, da ita nake kai 'ya'yana. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya tambayi malaminsa kafin ya zo, kuma ko bai shiga zauren sassaƙa ba, sauran sassan sun ishe shi yini.

An ce akwai ganuwar Kano da masallacin Zariya a cikin Jos. Da gaske ne?

Da gaske ne, kuma nan ne wurin da na fi so a duk faɗin garin. A bayan gidan tarihin akwai fili mai faɗi da ake kira MOTNA, inda aka kwaikwayi manyan gine-ginen gargajiya na Najeriya da girmansu na ainihi, ba 'yan ƙananan samfura ba. Wani masanin zanen gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, wanda ya yi shekaru yana yawo yana auna gine-ginen ƙasar nan, shi ya tsara wurin a shekarun 1970, magina na gargajiya kuma suka ɗora tubali. Akwai wani yanki na ganuwar Kano da ƙofarta, akwai sashen fadar Katsina, akwai gidajen Tibi da na wasu ƙabilu.

Amma sarkinsu shi ne masallacin Juma'a na Zariya. Na ainihin, Babban Gwani Malam Mika'ilu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a shekarun 1830. A shekarun 1970 aka yi wa na Zariya sabon gini na siminti da ya lulluɓe abin da ya rage na tsohon, saboda haka wanda yake son ya ga siffar ginin daga waje da ciki yadda take a da, sau da yawa Jos zai zo. Idan ka shiga, tsaya tukuna idonka ya saba da duhu. Sannu a hankali za ka ga ginshiƙai masu kauri, bakan gizo na tashi daga jikinsu suna haɗuwa a sama, azara a jere a tsakani kamar saƙar tabarma. Babu ƙarfe, babu siminti, ƙasa ce da azarar giginya da ilimin da uba ke bai wa ɗa. Yi magana ƙasa-ƙasa ka ji yadda muryarka ke zagaya ɗakin. Na taɓa kai wani magini daga Rikkos da ya shekara ashirin yana aikin bulo, ya dafa ginshiƙi ya yi shiru, sannan ya ce, "Yallaɓai, ashe mu leburori ne."

Sai dai ka zo da sanin cewa ginin ƙasa ba ya son ruwa, Jos kuwa ruwanta ya fi na Kano da Zariya yawa. A gida, kowace shekara ake yi wa soro yaɓe da makuba kafin damina. Inda yaɓe ya yi jinkiri za ka ga zaizaya, wani wurin ma rushewa. Kada ka bar yara su hau katanga ko su ɓantari ƙasa.

Kowa na cewa Jos garin kuza ne. Ina zan ga tarihin kuzar?

A nan zan ɗan tsawaita, domin abin ya shafe ni.

Tun kafin Turawa, maƙeran Ririwai suna narka kuza su zuba ta sirara kamar tsinke, fatake na kai ta kasuwanni. Ganin waɗannan tsinkaye ne ya sa kamfanin Neja na Turawan Ingila ya aiko masu bincike a 1902, daga baya Kanar Laws ya hau tsaunin da rakiyar sojoji, ya kafa sansani a Naraguta. Daga nan kamfanoni suka yi ta kwararowa. Aka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, wadda ta kai Bukur a 1914, aka rufe ta a 1957. Babban layin dogo ya iso daga Kafanchan a 1927. A 1929 aka kafa kamfanin NESCO domin ya samar wa ma'adinan da lantarki daga ruwan Kurra. Duk abin da ya sa Jos ta zama Jos, daga ramin kuza ya fito. A sashen sufuri na gidan tarihi za ka ga tsohon kan jirgi da tsofaffin motoci, a sashen ma'adinai kuma za ka ga kayan aikin.

To amma wa ya yi haƙar? Leburori ne, dubbai, daga ƙasar Kano da Katsina da Sakkwato da Bauchi da Barno, har da na ƙasar Faransa ta wancan lokaci, wato Nijar da Chadi, tare da mutanen tsaunin kansu, maza da mata. Da diga da shebur da kwanon sarki suka yi aikin. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuzarta, sai aka juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar mutane daga ƙauyukan Arewa ana kawo su aikin tilas. Mutumin da ya taso a zafin Sakkwato aka sauke shi a tsauni mai tsayin sama da mita 1,200, da 'yar taguwa ɗaya, cikin ruwa da laka. Sanyi da yunwa da cuta sun kashe da yawa. A 1943 aka fitar da kuza mafi yawa a tarihin ƙasar, sama da tan 17,000. Su kuma manoman Birom gonakinsu na gado aka farke, aka bar musu ramuka da tsibin ƙasar da ba ta fid da amfani.

Kakana yana cikin waɗanda suka zo daga ƙasar Katsina. Ina yaro nakan ga tsakiyar kansa sumul, ba gashi, fatar ta yi kanta. Na tambaye shi, ya kama hannuna ya ɗora a wurin, ya ce kwano ne, gammo bai hana ba. Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban sake tambaya ba, abin da nake nadama har yau.

Na zaga garin nan ciki da bai, ban ga allo ɗaya da aka rubuta sunayen irin su kakana ba. Abin da ya rage na tunawa da su shi ne ramukan da suka haƙa, waɗanda ruwa ya cika, da sunayen barikokin da suka zauna: Barikin Ladi, Gindin Akwati, Sabon Gidan Kanar, Mai Idon Toro. Saboda haka idan na kai baƙo Rayfield ko hanyar Bukur, ya ga tafki shuɗi lumshe da tuddai jajaye a gefensa ya ce masha Allah, nakan gaya masa ba haka wurin yake tun asali ba, mutane da injuna ne suka kwashe ƙasar. Sana'ar ta durƙushe bayan faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985, ko da yake har gobe za ka ga matasa da mata suna haƙa da hannu suna wanke yashi a bakin rafi.

Ana iya wanka a waɗannan tafkunan?

A'a. Don Allah a'a. Ba su da gaɓa kamar kogi, daga baki sai zurfi, ƙasan kuma laka ce mai riƙe ƙafa, ruwan ga sanyi. Sun ci rayuka da yawa, har da na gwanayen iyo. Inda ake hawa kwalekwale, a sa rigar ruwa, a riƙe hannun yara.

Mene ne wannan ƙaton kangon da ke Terminus?

Babbar kasuwar Jos ce. An soma tunaninta tun zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, aka kammala ta a tsakiyar shekarun 1980, kuma a lokacin ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma masu rufi. Gobara ta cinye ta a watan Fabrairun 2002, watanni kaɗan bayan rikicin Satumban 2001. A ranar 20 ga Mayu, 2014 kuma bama-bamai biyu suka tashi a gefenta, mutum sama da ɗari suka rasu, yawancinsu 'yan kasuwa da masu wucewa, Musulmi da Kirista. Ba wanda ya ayyana wurin a matsayin wurin tarihi, amma duk ɗan Jos da ya haura shekara talatin yana da labari a kansa. Idan ka je, ka tuna kana tsaye ne inda wasu suka rasa dukiya, wasu suka rasa iyaye. Ka yi musu addu'a, kada ka ɗaga waya kana ɗaukar mutane ba da izininsu ba.

Ban da gidan tarihi, waɗanne gine-gine ne suka cancanci a tsaya?

Sakatariyar jiha da dogon benen jaridar Standard duk sunan Gomwalk suke ɗauke da shi. Shi ne gwamnan farko na Jihar Binuwai-Filato daga 1967, a zamaninsa aka kafa jaridar a 1972, haka ma gandun namun daji na Jos. An harbe shi a 1976 bayan yunƙurin juyin mulkin Dimka, shekarar da aka raba jihar aka sami Filato. Filin wasa na Rwang Pam kuwa sunan sarkin Birom ne da aka naɗa a 1947, wanda sarautarsa ta zama Gbong Gwom Jos.

Akwai cocin Saint Piran na Angilika, wanda sunansa kaɗai ya isa darasi: Piran shi ne waliyyin masu haƙar kuza a yankin Kwanwal na Ingila, inda Turawan ma'adinai da dama suka fito. Akwai babban masallacin Juma'a a tsakiyar tsohon gari. A Jos ne kuma Sheikh Isma'ila Idris ya kafa ƙungiyar Izala a 1978. A kudancin gari akwai dogon allon Dokoki Goma da tsohon Gwamna Jonah Jang ya assasa, inda Kiristoci ke taron addu'a. Masu son siyasa kuma su sani a garin nan SDP ta tsayar da Abiola a 1993, PDP ta tsayar da Obasanjo a 1999.

Ni kuwa nakan ƙara wa baƙo da yawo a ƙafa cikin unguwanni, ya ji sunayensu: Ali Kazaure, Garba Daho, Ibrahim Katsina, Abba Na Shehu, Sarkin Arab. Sunayen mutane ne da suka rayu a nan. Ka sami dattijo a bakin masallaci bayan La'asar, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Baba, wane ne mai sunan unguwar nan?" Za ka tashi da abin da babu shi a kowane allo.

To wai su wane ne suka kafa Jos?

Wannan tambaya an zub da jini a kanta, saboda haka ba ta hira a cikin Keke ba ce. Birom da Anaguta da Afizere suna kan tsaunin nan tun kafin zuwan Turawa, kowannensu kuma yana da bayaninsa kan asalin sunan garin. Hausawa da Fulani da Nufawa da Barebari da Yarabawa da Ibo sun zo da kuza da ciniki da jirgin ƙasa, wasu gidajen sun haura shekara ɗari a nan. Birnin da ake gani yau gumin dukkansu ne. Kai baƙo, naka sauraro ne, ka ji daga kowane ɓangare.

Lafiya lau mutum zai zaga?

A mafi yawan kwanaki, ƙwarai kuwa. Amma rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba mazaunin mutane, akwai unguwannin da kusan duk Musulmi ne, akwai waɗanda kusan duk Kirista ne. Gidan tarihi da tsakiyar gari na kowa ne. Idan za ka fita ƙauyukan Riyom ko Barikin Ladi ko Bokkos, tafi da ɗan gari, ka tambayi halin da ake ciki a ranar, ka dawo kafin magariba. Wurin ibadar wani kuma ba a shiga sai da sallama da izini.

Wane lokaci ya fi, kuma me zan riƙo?

Daga Oktoba zuwa farkon Disamba: ruwa ya ɗauke, duwatsu na nan kore, hazo bai sauka ba. Disamba da Janairu sanyi ne na gaske, a zo da rigar sanyi da safa, musamman domin yara da tsofaffi. Yuli da Agusta ruwa kan tsuge ba sallama. Ka sa takalmi mai rufi saboda ciyawa a filin gine-gine, ka riƙo tsabar kuɗi 'yan canji domin tikiti, ka tambayi ma'aikaci kafin ka ɗauki hoto a cikin zaure. Idan an haɗa ka da mai zagayawa da baƙi, ka karɓa, ka kuma yi masa ihsani a ƙarshe.

Wani ya tallata mini kan Nok. In saya?

Kada ka saya. Ko dai jabu ne da aka gasa jiya aka shafa masa ƙasa, ko kuwa na gaske ne da aka tono ta haramtacciyar hanya, dokar ƙasa kuma ta hana cinikin irinsa da fitar da shi waje sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Masu tonon sata sun lalata wuraren Nok masu ɗimbin yawa, shi kansa gidan tarihin Jos ɓarayi sun shige shi a 1987 suka kwashe kayayyaki masu daraja. In tsaraba kake so, akwai masu sana'ar hannu a harabar gidan da ke sayar da sababbin tukwane da kayan fata da sassaƙa.

Idan ina da kwana biyu ko uku fa?

Kama hanyar Bauchi. A Tilden Fulani akwai alamar farko da Turawa suka kafa ta iyakar filin haƙar ma'adinai, a gaba kuma wajen Panshanu akwai tsibin duwatsun da ake kira Kwandon Kaya, a Geji ta ƙasar Toro akwai zane-zanen jikin dutse. Duka suna cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa. Ka ƙarasa Bauchi ka ziyarci kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a Janairun 1966, tafiyar kamar awa biyu ce daga Jos. Ta kudu kuwa akwai gadojin dutse na Butura a Bokkos, da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke wurin tun 1924. Mai komawa Abuja zai wuce duwatsun Riyom da ruwan Assop a gindin Hawan Kibo.

Yara za su ji daɗi, ko za su gaji?

Za su ji daɗi idan ka fara da kan jirgin ƙasa da ganuwa, inda za su yi gudu, sannan ka shiga da su zaure, gidan zu ya zama na ƙarshe. Kada ka cika su da shekaru da sunaye. Ba kowane yaro aiki ɗaya: wannan ya ƙirga bakan gizon masallaci, waccan ta nemo tukunyar da ta yi kama da randar kakarta. In akwai tsoho a gida da ƙafarsa ke iya tafiya, a tafi da shi, a samo masa wurin zama a inuwa kusa da kayan haƙar kuza, a bar jikoki su tambaye shi sunan kowane abu.